Tuƙi Cikin Maye da Binciken Dare a Hanyoyin Sabon Birni da Isa

Manufofin darasi

Ana so bayan kammala wannan darasi ɗalibi ya iya bayyana abin da dokar ƙasa da shari'ar Musulunci suke nufi da maye, ya faɗi illar da kayan maye suke yi wa mai tuƙi musamman da dare, ya rarrabe aikin hukumomin da ke tsaron hanya, sannan ya kawo sharuɗɗan da sai sun cika kafin binciken jami'an tsaro ya zama kariya ga matafiya a yankin da fashi da garkuwa da mutane suka riga suka ɓata sunan shingen hanya.

Ƙasar da hanyoyinta

Sabon Birni da Isa biyu ne daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato, kuma dukkansu suna cikin tsohuwar ƙasar Gobir, wadda babban birninta Alƙalawa ya faɗa hannun mayaƙan jihadi a shekarar 1808. Daga arewa Sabon Birni ta yi iyaka da jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda garin Tsibiri yake da nasa Sarkin Gobir, ita kuwa Isa tana maƙwabtaka da Shinkafi ta jihar Zamfara, saboda haka zumunta da auratayya da fatauci ba su taɓa tsayawa a bakin iyaka ba. Babbar hanyar kwalta ta taso daga birnin Sakkwato ta bi ta Goronyo zuwa Sabon Birni, daga nan ta nufi Isa da Shinkafi da Ƙauran Namoda har Gusau, akwai kuma wadda ta ratsa dajin Gundumi zuwa Isa. Sauran hanyoyin da suka haɗa ƙauyuka na burji ne ko na rairayi, wasunsu kuma sukan yanke da damina idan Gulbin Rima da rafukan da ke zuba cikinsa, irin su Bunsuru da Gagare, suka cika.

A kan waɗannan hanyoyi ne ake jigilar gero da wake da albasa da dabbobi zuwa kasuwannin mako, kamar ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis da ta Goronyo mai ci ranar Lahadi, kuma masu wannan jigila su ne direbobin ƙananan motocin haya da na motocin kaya da 'yan kabu-kabu, wato masu ɗaukar fasinja a kan babur. Shekarun baya-bayan nan sun sauya yanayin tafiya a yankin, domin 'yan bindiga sun mayar da tare hanya sana'a. A watan Disamba na 2021 an ƙone wata motar fasinja da mutanen cikinta a kusa da ƙauyen Gidan Bawa, inda fiye da mutum 20 suka rasu, a watan Yuli na 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, aka kashe shi a hannun masu garkuwar a watan Agusta. Abin da ya biyo baya shi ne raguwar tafiyar tsakar dare, amma haɗarin duhu bai ragu ba, domin direba yakan yi sammako tun kafin gari ya waye don ya riski kasuwa, ya kuma taka mota da yamma don kada magariba ta same shi a daji. Don haka idan aka ambaci dare a wannan darasi, ana nufin dukkan lokacin da ke tsakanin faɗuwar rana da fitowarta.

Ma'anar maye a shari'a da dokar ƙasa

A fiƙihun Musulunci maye shi ne gushewar hankali ko rauninsa sakamakon wani abu da mutum ya sha ko ya shaƙa ko ya haɗiya da ganganci, kuma malamai sun sanya kiyaye hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da rai da nasaba da dukiya. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, ta yanke bulala 80 ga wanda ya sha giya, kuma jihar Sakkwato ta shiga sahun jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'a a shekarar 2000, a zamanin Gwamna Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, wanda shi kansa ɗan ƙaramar hukumar Isa ne. Mai tuƙi cikin maye ya keta biyu ko uku daga cikin waɗannan abubuwa a lokaci guda, tun da ya zubar da hankalinsa, sannan ya jefa rayukan fasinjoji da dukiyarsu cikin halaka.

Dokar ƙasa kuwa ba ta tambayar addinin direba, abin da ta duba shi ne ko yana da ikon sarrafa abin hawansa. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 ta haramta tuƙi ga wanda giya ko ƙwaya ta rinjaye shi, ta kuma sanya tarar Naira 5,000 a jadawalin laifuffukanta, sannan ma'aunin da ake aiki da shi a Nijeriya shi ne kada barasar da ke jikin direba ta wuce giram 0.05 a cikin kowane mililita 100 na jininsa. Barasa a nan ita ce sinadarin da ke sa maye a cikin giya da burkutu da ogogoro, kuma wannan ma'auni ya dace da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙara da cewa ya kamata a saukar da shi zuwa 0.02 ga matasa da sababbin direbobi. Idan tuƙin ya kai ga kisa, shari'ar ta tashi daga tara ta koma ta ɗauri na shekaru.

Kayan mayen da suka fi shafar direban karkara

A wuraren da ake sayar da giya a fili, binciken dare yakan mayar da hankali kan masu dawowa daga mashaya, amma a ƙasar Gobir, inda addini da doka da kunya suka taru suka kore giya daga bainar jama'a, damuwar ta fi karkata ga ƙwaya da maganin tari da tabar wiwi, waɗanda ba su da wari irin na giya kuma suna shiga aljihu ba tare da kowa ya lura ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya Mai Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumomin Nijeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken, kuma a shiyyar arewa maso yamma adadin ya kai kashi 12 cikin 100, kimanin mutum miliyan 3. Daga cikin jimillar ƙasa, mutum miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba.

Tiramadol, wanda aka fi sani da tiramol, magani ne na kashe raɗaɗi da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC ta amince da shi a ƙarfin miligiram 50 da 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 200 ko 225, kuma masu aikin ƙarfi sukan sha shi da zaton yana gusar da gajiya, alhali abin da yake yi shi ne ɓoye ta. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, idan ya yi yawa kuma yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda in ta kama direba yana riƙe da sitiyari babu mai iya ceton motar. Kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018, yana sanyaya jiki ya rage kuzarin tunani, haka ma ƙwayoyin barci irin su diyazefam da rochi. Tabar wiwi tana rikita wa mutum kimanta nisa da lokaci, ta yadda zai ga motar da ke tahowa kamar tana nesa alhali ta kusa. Mafi muni shi ne haɗa biyu ko uku daga cikinsu, ko zuba su cikin shayi ko lemon kwalba, domin kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Ya kamata a fahimci dalilin da ke jan direba zuwa ga waɗannan abubuwa, domin ba kullum ne neman nishaɗi ba. Mai mota yana jiran balas ɗinsa, wato kuɗin da aka yanka wa direba ya kawo kowace rana, man fetur ya yi tsada tun bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023, lokutan da ake iya bin hanya cikin aminci sun ƙuntata, tsoron daji kuma yana hana barci. Wannan bayani ba uzuri ba ne ga mai laifi, sai dai yana nuna cewa kamu kaɗai ba zai kawar da al'adar ba matuƙar sababinta yana nan.

Abin da maye da duhu suke yi wa mai tuƙi

Tuƙi aiki ne da ya dogara da abubuwa uku masu bin juna, wato ido ya hango haɗari, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa da hannu su zartar, kuma maye yana jinkirta dukkan ukun, yana kuma ƙara wa mutum ƙarfin halin da ba shi da tushe, har ya ga zai iya wuce motar da ke gabansa a kan kwana. Lissafi mai sauƙi zai bayyana girman lamarin. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa, direba mai cikakken hankali kuma yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta kai ga birki, wato motar ta riga ta ci mita 22 zuwa 33, sannan birkin kansa yana buƙatar wasu mita 35 zuwa 40 a kan busasshiyar kwalta. Idan maye ya ƙara daƙiƙa ɗaya tak a kan wannan jinkiri, an ƙara mita 22, alhali ƙaramar fitilar mota ba ta haska abin da ya wuce mita 50 zuwa 60. Ma'anar wannan ita ce, amalanken shanu marar fitila, ko raƙumi, ko babur mai ɗauke da mutum uku, ko motar da ta lalace aka bar ta a kan hanya, duk direban zai gan su ne bayan lokacin tsayawa ya wuce. Hazon hunturu da ramukan hanya da sanƙon taya suna ƙara taƙaita wannan 'yar rata.

Rashin barci shi ma maye ne a aikace ko da ba a sha komai ba, domin binciken da masana suka yi a Ostireliya a shekarun 1990 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, aikinsa yakan yi rauni daidai da na mai barasa 0.05 a jini, wanda ya kai awa 24 kuwa daidai da mai kusan 0.10. Akwai kuma kuskuren da ya yaɗu cewa goro ko shayi mai kauri ko watsa ruwan sanyi suna warware maye, alhali hanta ce take tace mafi yawan barasa daga jini, kuma tana yin haka a hankali, kimanin 0.015 a kowace awa, babu abin da ke hanzarta ta. Saboda haka wanda ya kwana yana sha zai iya wayar gari da sauran maye a jikinsa ya hau mota da asuba yana zaton ya warware.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗurran hanya suna kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, nahiyar Afirka kuma ita ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. A Nijeriya Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ba da rahoton mutuwar mutum 5,081 a 2023 da 5,421 a 2024. A karkara rauni ya fi saurin zama ajali, domin daga Sabon Birni ko Isa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tafiya ce ta fiye da kilomita 100, kuma wanda ya karye ko jini ya ɓalle masa da tsakar dare sau da yawa sai ya jira gari ya waye kafin a sami mai ƙarfin halin ɗaukarsa.

Hukumomin da abin ya rataya a wuyansu

Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya, wadda sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya kafa, ita ce ke da ikon kamu da bincike da gurfanarwa a kan kowane laifi, kuma ita ce ke da ofisoshi a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wato FRSC, an kafa ta a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, aikinta kuma shi ne wayar da kai da sintiri da ba da lasisin tuƙi da ceton waɗanda haɗari ya rutsa da su, tana da lambar kiran gaggawa ta 122, amma jami'anta ba sa ɗaukar bindiga, wanda hakan ya sa ba za su iya tsayawa su kaɗai a dajin da 'yan bindiga suke kai-komo ba. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ce ke farautar masu safara da sayar da miyagun ƙwayoyi. Ban da waɗannan akwai sojoji da jami'an kwastam da na shige da fice, waɗanda tsaro da iyaka suka kawo su kan hanya, da Hisba ta jiha, da kuma rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Sakkwato ta ƙaddamar a 2024. Yawan kaki a kan hanya bai zama tabbacin cewa ana duba hankalin direba ba, domin mafi yawan shingayen yankin an kafa su ne don neman makamai da kayan fasa-ƙwauri.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

Ƙasar Norwe ce ta fara kafa ma'aunin barasa a doka a 1936, a 1954 kuma wani jami'in 'yan sandan jihar Indiyana ta Amurka mai suna Robert Borkenstein ya ƙirƙiro na'urar gwajin numfashi, wadda direba yake hura wa iska ta nuna yawan barasar da ke jininsa. Ingila ta fara amfani da irin wannan gwaji a bakin hanya a 1967, mace-mace suka ragu nan take, amma bayan 'yan shekaru suka fara komawa yadda suke, saboda direbobi sun gano cewa da wuya a tsayar da su. Daga wannan da makamantansa ne masanin zamantakewa Laurence Ross ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita, cewa abin da ke hana mutum aikata laifin hanya shi ne tabbacin za a kama shi, fiye da tsananin hukuncin da ke rubuce a takarda. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta ɗauki wannan ƙa'ida a 1976 ta fara gwajin kan-mai-uwa-da-wabi, inda ake tsayar da kowane direba a gwada shi ko da ba a zarge shi da komai ba, a 2004 kuma ta fara gwajin yawu domin gano masu shan ƙwaya. Nazarce-nazarcen da aka tattara a Amurka a farkon shekarun 2000 sun nuna cewa shingen gwaji da ake yi a kai a kai, ana kuma shelanta shi, yana rage haɗurran da giya ke haddasawa da kusan kashi 20 cikin 100. Sirrin nasarar yana cikin yawan waɗanda suka fasa sha saboda sun san za a gwada su, ba cikin yawan waɗanda aka kama ba.

Matsalolin da suka keɓanta da ƙasar Gobir

Matsala ta farko ita ce na'urar gwajin numfashi barasa kaɗai take ganewa, wanda ya haɗiyi tiramol ko ya sha kodin zai hura ta ta wanke shi. Gano ƙwaya yana buƙatar gwajin yawu ko fitsari ko jini, ko kuma jami'in da aka horar ya karanta alamomi, kamar nauyin harshe da tangaɗi da jan ido da ƙanƙancewar ƙwayar ido da kasa tafiya a miƙe a kan layi, sannan a tabbatar da zargin a asibiti kafin a je kotu.

Matsala ta biyu ita ce tsoro. A yankin da 'yan bindiga suke sa kaki suna tare hanya, hasken tocila a cikin duhu ba ya gaya wa direba ko jami'i ne ko ɗan fashi, kuma direban da ya ƙara wuta don tsira zai iya faɗawa rami ko ya jawo a buɗe masa wuta. Saboda haka salon ɓuya a bayan kwana a yi wa direba ba-zata, wanda yake aiki a ƙasashen da ke zaman lafiya, a nan zai iya kashe mutanen da aka fito karewa.

Matsala ta uku ita ce na-goro. Shingen da direba ya san zai wuce shi da Naira 200 ya daina zama gargaɗi, ya koma kuɗin hanya da ake lissafawa tare da kuɗin mai, kuma mai maye ya fi kowa saurin miƙa hannu. Wannan cuta ce ta sa Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Abubakar ya ba da umarnin rushe shingayen hanya a faɗin ƙasa a 2012, kuma ita ce take rushe ƙa'idar tabbacin kamu daga tushe. Ana iya ƙara matsala ta huɗu, wato iyaka, domin hanyoyin daji da ke tsakanin Sabon Birni da jihar Maraɗi suna da yawa, kuma abin da aka hana a gefe ɗaya yana iya shigowa ta ɗaya gefen a bayan babur.

Siffar binciken da zai yi amfani

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da sharuɗɗa. Shingen dare ya kasance a wuri sananne mai haske, a mashigar gari ko kusa da sansanin jami'an tsaro, da motar hukuma mai lamba da alamun gargaɗi tun daga nesa, jami'ai kuma sanye da cikakken kaki da suna a ƙirji, domin direba ya rage gudu cikin natsuwa. Ya kasance na haɗin gwiwa, 'yan sanda su ba da tsaro, jami'an FRSC su duba direba da mota, na NDLEA su duba ƙwaya, tun da kasancewar hukumomi da dama a wuri ɗaya ƙarƙashin babban jami'i yana rage damar karɓar cin hanci. A gwada kowa ba tare da duba girman mota ko rawanin mai ita ba, a rubuta kowane gwaji, tara kuma a biya ta a asusun gwamnati da rasit. Idan aka sauke direba, wajibi ne a tanadar wa fasinjojinsa wani direban ko wurin kwana mai aminci, domin barin mata da yara a bakin daji da dare ya fi laifin da aka hana muni.

Mafi muhimmanci shi ne a gane cewa a irin wannan yanki mafi ingancin binciken dare shi ne wanda aka yi kafin mota ta bar tasha. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da 'yan kamasho da shugabannin 'yan kabu-kabu sun san mai sha da marar sha fiye da duk wani jami'i, kuma suna da hukuncin da ya fi tarar Naira 5,000 ciwo, wato hana lodi. Idan ƙungiya ta hana tallar ƙwaya a harabar tasha, ta hana wanda ya kwana a hanya juyawa nan take, ta kuma karɓi jami'an gwaji a ranakun kasuwa da asuba da la'asar, to an tare haɗarin a inda babu duhu kuma babu ɗan bindiga. Hakimai da limamai suna da rawar takawa ta hanyar huɗuba da jan kunne, wanda kuma shan ƙwaya ya zame masa ciwo yana buƙatar magani, kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware yana karɓar irin waɗannan marasa lafiya.

Haƙƙi da wajibin direba da fasinja

Direban da ya iso shingen hukuma ya rage gudu, ya sauke babbar fitila, ya kunna ta cikin mota, ya bar hannuwansa a inda ake ganinsu, ya nuna lasisi da takardu, ya kuma amince a gwada shi. Yana da haƙƙin a gaya masa laifinsa, kada a doke shi ko a wulaƙanta shi, beli kuma kyauta ne, sannan sashe na 35 na tsarin mulki ya wajabta a kai wanda aka tsare gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu. Rundunar 'yan sanda tana da sashen karɓar ƙorafin jama'a da aka buɗe a 2015 domin kai ƙarar jami'in da ya nemi cin hanci. Fasinja shi ma yana da haƙƙin ya ƙi shiga motar wanda ya ga alamar maye a tare da shi, ya sanar da shugaban tasha, kuma faɗin "Allah ya kiyaye" ba ya sauke wannan nauyi, domin tawakkali yana zuwa ne bayan an yi abin da ya wajaba. Idan haɗari ya auku, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili.

Taƙaitawa

Maye yana jinkirta gani da tunani da motsi, duhu kuma yana rage nisan da direba yake hangowa, haɗuwarsu a hanyar karkara mai nisa da asibiti ita ce ke mayar da kuskure ajali. A Sabon Birni da Isa binciken jami'ai zai yi tasiri ne idan ya iya gano ƙwaya kamar yadda yake gano giya, ya kasance a bayyane yadda ba za a rikita shi da na 'yan fashi ba, ya tsarkaka daga cin hanci, ya kuma fara daga tasha tare da ƙungiyoyin direbobi.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'aunin barasa da dokar Nijeriya ta ƙayyade wa direba, kuma me ya sa na'urar gwajin numfashi kaɗai ba ta wadatar ba a wannan yanki?
2. Mota tana gudun kilomita 80 a awa, direbanta kuma ya yi jinkirin daƙiƙa 3 kafin ya taka birki. Mita nawa ta ci kafin birkin ya fara aiki?
3. Bayyana ƙa'idar tabbacin kamu, sannan ka nuna yadda cin hanci yake rushe ta.
4. Kawo bambancin aikin 'yan sanda da na FRSC da na NDLEA a kan hanya.
5. Faɗi haƙƙoƙi uku na direban da aka tsare da wajibai uku da ke kansa.

Aikin rukuni

Ɗalibai su kasu rukuni uku, na direbobi da na fasinjoji da na jami'an tsaro, kowane rukuni ya rubuta ƙa'idoji biyar da yake ganin ya kamata tashar garinsu ta bi kafin a sallami mota da asuba ko da yamma, sannan a haɗa su a fitar da takarda guda da za a iya gabatar wa shugaban tasha da hakimi.